Janar Lettow-Vorbeck: Bajamushen da Sojojin Najeriya Suka Bi Sawunsa a Dazukan Tanganyika

Asali da tasowa, 1870 zuwa 1900

An haifi Paul von Lettow-Vorbeck ranar 20 ga Maris, 1870, a Saarlouis, wani garin barikin soja da ke yammacin ƙasar Furusiya, dab da iyakar Faransa. Gidansu tsohon gidan sarauta ne na lardin Pomeraniya, irin gidajen da ɗa namiji yake buɗe ido ya tarar an riga an zaɓa masa aikin soja. Mahaifinsa ma soja ne, har ya kai muƙamin janar. Yaron yana da wata huɗu yaƙi ya ɓarke tsakanin Furusiya da Faransa, kuma kafin ya cika shekara guda, a watan Janairun 1871, aka haɗe masarautun Jamusawa suka zama daula ɗaya a ƙarƙashin Kaisa. Tare da wannan daula ya tashi, ita ya yi wa bauta, kuma bayan ta rushe ya ƙare sauran rayuwarsa yana begenta.

Tun yana ƙarami aka kai shi makarantar horon hafsoshi a Potsdam, daga nan ya wuce ta Lichterfelde kusa da Balin. Zuwa 1890 ya riga ya sami aninin laftanar. A shekarun da yake makaranta ne Turawa suka zauna a Balin, daga 1884 zuwa 1885, suka tsara yadda za su yi wa Afirka rabon nama. Jamus ta tashi da Togo, da Kamaru, da Afirka ta Kudu maso Yamma wadda ake kira Namibiya yanzu, da kuma Afirka ta Gabas, wato Tanganyika (Tanzaniya ta yau in aka cire Zanzibar), haɗe da Ruwanda da Burundi.

Sin da Namibiya, 1900 zuwa 1913

A 1900 aka tura shi ƙasar Sin cikin rundunar taron dangi da manyan ƙasashe suka haɗa don murƙushe boren da Sinawa suka yi wa baƙi. Bai ga wani babban yaƙi a can ba. Inda ya koyi aikinsa na haƙiƙa shi ne Namibiya, daga 1904 zuwa 1906.

Dole a tsaya a nan, domin masu yabonsa sun saba tsallake wannan babi. A 1904 ƙabilar Herero ta yi wa Jamusawa tawaye saboda ƙwacen ƙasa da shanu. Kaisa ya aiko da Janar Lothar von Trotha, kuma Lettow yana cikin hafsoshin da ke aiki a ofishinsa. Bayan karon Waterberg a watan Agusta, aka kora Herero, maza da mata da yara, cikin saharar Omaheke, aka tsare rijiyoyi, ƙishirwa ta yi aikin da harsashi bai yi ba. A watan Oktoba Trotha ya fitar da umarnin a harbe duk Baherere da aka gani a cikin iyakar Jamus. Dubun-dubatar mutane suka halaka, kuma a 2021 gwamnatin Jamus da bakinta ta amsa cewa kisan ƙare dangi ne. Lettow yana wurin, kuma a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1957 kare matakin Trotha ya yi.

Da yaƙin ya koma kan ƙabilar Nama, sai ya haɗu da mutanen da suka zama malamansa ba da niyya ba. Mayaƙan Nama, irin su Jakob Morenga, ba su da yawa, amma sun san ƙasa, suna kai hari su ɓace, su bar runduna mai igwa da kekunan shanu tana lalube. A watan Janairun 1906 aka ji wa Lettow rauni a idon hagu a wata arangama da mutanen Morenga, aka mayar da shi gida. Ya zama manjo a 1907, ya yi aikin ofis a Kassel, sannan daga 1909 ya shugabanci wata bataliyar sojan ruwa a Wilhelmshaven.

A watan Oktoban 1913 aka ba shi laftanar kanar, aka naɗa shi kwamandan sojojin Jamus na Kamaru. Da naɗin ya tabbata, da a Garwa da Mora da Banyo, a bakin iyakar Adamawa da Borno, sojojin Najeriya za su gamu da shi. Kafin ya kama aiki aka sauya takarda, aka ce ya nufi Afirka ta Gabas. Ya sauka Darussalam a watan Janairun 1914.

Tanga da shekarun farko, 1914 zuwa 1915

Rundunar da ya gada ƙarama ce: Jamusawa kimanin 260 da sojoji baƙar fata, waɗanda ake kira askari, kimanin 2,500, a kamfanoni 14. An kafa ta ne don tsare talakawan ƙasar kada su ɗaga kai, kuma ita ce ta murƙushe boren Maji Maji tsakanin 1905 da 1907 ta hanyar ƙone gonaki da rumbuna har yunwa ta kashe mutane masu ɗimbin yawa. Askari yana samun albashi mai tsoka da ikon taka talaka, a ɗaya hannun kuma bulalar dorina tana jiransa in ya saɓa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashi a watan Agustan 1914, Gwamna Heinrich Schnee ya so a tsame ƙasar daga rikicin, yana kafa hujja da yarjejeniyar Balin ta 1885. A bisa doka gwamna ne shugaban kwamanda. Lettow ya yi biris da shi. Lissafinsa shi ne: ba zai iya kare ƙasar har abada ba, tun da Ingila ce ke riƙe da teku, amma duk sojan Ingila da ya tsare a Afirka an rage wa Jamus abokin gaba ɗaya a fagen Turai. A kan wannan lissafi ya gina shekara huɗu na yaƙi, kuma babu inda ran manomin Tanganyika ya shiga cikinsa.

A farkon Nuwamban 1914 Manjo Janar Arthur Aitken ya iso tashar jirgin ruwa ta Tanga da sojoji kimanin 8,000, yawancinsu daga Indiya, sun galabaita da zaman jirgi, ba su san dajin ba. Jinkirin da Ingilishi suka yi wajen sauka ya ba Lettow damar kwaso mutanensa ta jirgin ƙasa daga gindin dutsen Kilimanjaro. Da mutum dubu da 'yan kai ya tare su ranar 4 ga wata. Ana cikin musayar wuta sai ƙudan zuma suka tashi daga amyoyin da mutanen gari suka rataye a itatuwa. An daɗe ana cewa wai Jamusawa ne suka ɗana zumar da gangan. Wannan zance ne kawai, domin zumar ba ta ware kowa ba, har askari ta harba. Abin da ke rubuce shi ne Aitken ya koma jiragensa bayan an kashe ko an raunata masa sama da mutum 800, ya bar bindigogi masu ruwa da ɗaruruwan bindigogin hannu da harsashi wajen 600,000 a bakin teku.

A Jassin, cikin Janairun 1915, Lettow ya sake yin nasara, amma ya rasa ƙwararrun hafsoshin da ba shi da inda zai samo madadinsu. Daga nan ya koma ga darasin Nama: ƙananan ƙungiyoyi suna ratsa daji suna dasa nakiya a layin dogon da ya tashi daga Mombasa zuwa Uganda. Da Ingilishi suka nutsar da jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg a bakin kogin Rufiji a watan Yulin 1915, sai aka ciro manyan igwoyinsa guda goma, 'yan dako suka riƙa jansu da igiya a tudu da kwari. A cibiyar binciken noma ta Amani aka riƙa dafa ɓawon itace ana fitar da maganin zazzaɓi. Rundunar ta ƙaru har ta kai Turawa kusan 3,000 da askari sama da 11,000. Wajen dabara da tsimi da juriya, babu mai ƙwace wa mutumin nan yabo.

Yadda yaƙin ya iso ƙasar Hausa

A lokacin da ake wannan, shekara goma sha ɗaya ke nan da Turawa suka ci Kano a 1903. Sarki Abbas ne a gadon sarauta, kuma ɗansa Abdullahi Bayero shi ne wanda ya riƙe ƙasar Bici yana Ciroman Kano kafin ya zama sarki a 1926. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai kuma damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta auka wa ƙasar a 1914, kuma arewacin Kano na cikin inda ta fi tsanani. Mutane ba su gama farfaɗowa ba Gwamna Lugga ya fara neman sojoji da 'yan dako da gudummawar kuɗi daga baitulmalin sarakuna. Umarni yakan taso daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa. Wasu sun shiga soja da ƙafarsu don albashi da abinci, wasu kuwa sunansu aka bayar. Hausa ce harshen bariki, ko da sojan Bayerabe ne ko Babarbare.

Kamaru aka fara tura su. Harin farko a kan Garwa, a ƙarshen Agustan 1914, ya watse, har aka kashe kwamandansa, Laftanar Kanar Maclear. Sai a watan Yunin 1915 Garwa ta faɗi, Mora kuwa ta riƙe har 18 ga Fabrairun 1916. Cikin sojojin Jamus da aka kama a Garwa akwai wani saurayi ɗan Borno, Chari Maigumeri, wanda ake cewa Jamusawa sun ba shi lambar yabo ta Kuros ɗin Ƙarfe. Daga baya ya shiga sojan Ingila, ya zama babban samanja, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Habasha da Bama, kuma sunansa ne barikin Lakwaja yake ɗauke da shi a yau.

A gabas kuma, Janar Jan Smuts na Afirka ta Kudu ya karɓi jagoranci a watan Fabrairun 1916 da runduna mai yawa. Beljiyam ta danno daga Kwango ta ci Tabora, Darussalam ta faɗi a watan Satumba. Lettow ya riƙa ja da baya zuwa kudu, yana tsayawa ya yi duka inda ƙasa ta ba shi dama, ya zame kafin a kewaye shi. Tsando ya ƙarar da dawakin Smuts da alfadaransa, zazzaɓi da atuni suka kwantar da mutanensa, har zuwa ƙarshen shekarar aka mayar da fararen sojoji kimanin 12,000 gida. Sai aka ce baƙar fata ne zai iya da wannan ƙasa. Aka faɗaɗa rundunar 'yan Afirka ta Gabas, aka kawo sojojin Gwalkwas, wato Gana ta yau, sannan a watan Disamban 1916 bataliya huɗu na Najeriya suka sauka Darussalam a ƙarƙashin Birgediya Cunliffe, bayan sun zagayo ta ƙasan Afirka a jirgin ruwa.

A nan ne lissafin Lettow ya fara zama banza. Mutanen da yake tsarewa yanzu ba waɗanda Ingila za ta kai fagen Faransa ba ne. 'Yan Afirka ne ke harbin 'yan Afirka, 'yan Afirka ke ɗauke da kayan kowane ɓangare a ka.

Rufiji da Mahiwa, 1917

An jibge sojojin Najeriya a kwarin Rufiji. Sun yi karo da Jamusawa a watan Janairu, kuma a Ngwembe, ranar 24 ga wata, Bataliya ta Uku ta sha kashi har ta rasa igwa biyu. Amma abin da ya fi cin su shi ne damina. Ruwan shekarar ya wuce misali, kogi ya cika ya batse, hanyoyi suka zama taɓo, abinci ya daina isowa. Watanni suka yi a kan rabin awo ko abin da bai kai ba. Kyaftin W. D. Downes, wanda yake tare da su kuma ya rubuta littafi a kansu a 1919, ya ba da labarin yadda suka koma cin naman dorina da birai da saiwoyin daji, wasu suka ci mai dafi suka mutu. Mutumin da ya tsira daga Kakalaba a gida ya je ya sake tarar da ita a bakin wani kogi da bai taɓa jin sunansa ba.

Bayan damina aka kwashe su zuwa kudu. A Bweho Chini, cikin Satumba, suka tsaya daram a gaban hare-haren askari na yini guda. Sai babban karo, daga 15 zuwa 18 ga Oktoba, a Mahiwa da Nyangao, yamma da garin Lindi. Shirin Ingilishi shi ne rundunar Janar Beves ta tunkari Janar Kurt Wahle na Jamus ta gaba, 'yan Najeriya su zagaya ta daji su toshe masa baya. Abin da ba su sani ba, Lettow da kansa ya taso da ƙarin kamfanoni, yana tafiya dare da rana. Masu zuwa kewaye wani sai ga shi su aka kewaye. Bataliya ta Ɗaya da ke tafe da harsashi da igwa ta faɗa cikin wuta, sauran suka haƙa ramuka suka kwanta, igwar Jamus tana zuba musu, ruwan sha ya ƙare, harsashi ya yi ƙasa. Beves kuma ya dinga tura mutanensa gaba da gaba cikin bakin bindiga mai ruwa, sahu bayan sahu. Da ƙura ta lafa, ɓangaren Ingila ya yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni, daga cikin kimanin 5,000, kuma fiye da 500 daga cikinsu na rundunar Najeriya ne. Jamusawa sun rasa tsakanin 500 da 600.

A ƙidaya Lettow ne ya ci, kuma a wannan kaka ne Kaisa ya ɗaga shi zuwa manjo janar. Amma Mahiwa ta cinye masa harsashi da mutanen da ba zai maye ba. A tsakiyar Nuwamba ya zube marasa lafiya da duk wanda ba zai iya ciyarwa ba. Wani jirgin sama mai kumbo da aka taso da shi daga Bulgeriya ɗauke da magani da makamai ya juya daga sararin Sudan bai iso ba. Ranar 25 ga Nuwamba, 1917, Lettow ya haye kogin Rovuma ya shiga Mozambik ta 'yan Fotugal da Turawa kimanin 300, askari 1,700 da 'yan dako wajen 3,000, ya far wa sansanin Ngomano a ranar, ya sake ɗamara da kayan da ya kwasa. Rundunar Najeriya ta kama hanyar gida a farkon 1918. Har yau sunayen Behobeho da Nyangao suna cikin jerin fagagen da aka rubuta wa tsohuwar rundunar Najeriya a matsayin lambar girma.

Shekarar ƙarshe, 1918

Wata goma Lettow ya yi yana yawo a Mozambik, yana ci daga abin da ya ƙwata. A Namakura, a farkon Yuli, ya sami makamai da abinci masu yawa. A ƙarshen Satumba ya sake hayowa Tanganyika, ya karkata yamma ya shiga Rodeshiya ta Arewa, Zambiya ta yanzu. Yana kusa da kogin Chambeshi labari ya same shi cewa an tsagaita wuta a Turai tun 11 ga Nuwamba. Ranar 25 ga Nuwamba, 1918, ya ajiye makamai a Abercorn, garin da ake kira Mbala yanzu, da Jamusawa 155 da askari 1,168 da dubban 'yan dako da mata.

Daga nan aka samo kirarin da ya bi shi har kabari, wai janar ɗin da ba a taɓa ci da yaƙi ba. Manomin Bici, wanda ya san abin da rumbu yake nufi a watan Yuli, zai fi kowa gane kuɗin da aka biya wannan kirari. Rundunar da ba ta da hanyar kawo abinci daga baya, daga rumbun talaka take ci. Inda ta bi sai ka ce farin dango ya sauka: a kwashe hatsi, a kore dabbobi, a ɗaure maza majiya ƙarfi su yi dako, abin da ya rage a cinna masa wuta don kada mai biyowa ya samu. Mai biyowar kuma, wato Ingila, haka take yi. Ta ɗebi 'yan dako kusan miliyan guda a tsawon yaƙin, kuma kimanin 95,000 daga cikinsu ba su koma gida ba. Masana suna ƙiyasta cewa farar hula da yunwa da cuta suka kashe a Afirka ta Gabas ta Jamus sun kai 300,000 ko fiye. A kan wannan kuma annobar marisuwa ta 1918 ta sauka, wadda ta ratsa har ƙasar Kano. Duk wannan bai jinkirta faɗuwar Jamus da yini ɗaya ba.

Bayan yaƙi, 1919 zuwa 1964

Ranar 2 ga Maris, 1919, Lettow ya shiga Balin a kan doki ta Ƙofar Brandenburg, jama'ar da aka ci da yaƙi suna ta sowa don sun sami gwarzo guda da za su nuna. A watan Yuli ya kai sojoji Hamburg ya kwantar da tarzomar talakawa da ta tashi a kan gurɓataccen abinci. A watan Maris na 1920 ya goyi bayan yunƙurin juyin mulkin Kapp a kan sabuwar jamhuriya, abin ya ci tura, aka sallame shi daga soja. Ya rubuta littattafai, wanda ya fi shahara shi ne Heia Safari, da aka yi domin matasa. Ta nan ne labarin askari mai biyayya har mutuwa ya bazu, alhali takardun rundunar sun nuna da yawa sun gudu, wasu ma sun koma ɓangaren Ingila.

Ya zauna a majalisar dokokin Jamus daga 1928 zuwa 1930 a jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya. Ana ba da labari wai a 1935 Hitila ya yi masa tayin jakadancin Landan ya ƙi da baƙar magana. Wannan daga bakin masoyansa ya fito. Abin da aka tabbatar shi ne bai yanki katin jam'iyyar Nazi ba, amma ya yi ta yawon lacca a zamaninsu yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da ta mallaka a Afirka, kuma a 1939 gwamnatin Hitila ta ƙara masa girman janar. 'Ya'yansa maza biyu sun mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, bom ya rushe gidansa na Bremen, har tsohon abokin gabarsa Smuts ya shiga cikin masu tallafa masa. Ya ziyarci Afirka ta Gabas a 1953. Ya rasu a Hamburg ranar 9 ga Maris, 1964, saura kwana 11 ya cika shekara 94, aka binne shi a Pronstorf.

A shekarar ce Jamus ta Yamma ta amince ta biya tsofaffin askari da suka rage. Ana cewa a Mwanza duk tsohon da ba shi da takarda sai a miƙa masa tsintsiya a ba shi umarnin fareti da Jamusanci, kuma wai babu wanda ya faɗi. Labari ne mai daɗin ji, amma ko da ya tabbata, shekara arba'in da shida ke nan bayan an ajiye makamai, kuma ɗan dako ba ya cikin lissafin.

Jamusawan yau sun fara sauya hukunci. A 2010 garinsa na haihuwa, Saarlouis, ya cire sunansa daga titi, aka kuma sauya sunan barikin da ke Leer. Hukuncina shi ne ƙwararren soja ne wanda ya kashe basirarsa a kan yaƙin da ba shi da amfani, a ƙasar da ba tasa ba, da rayukan mutanen da ba a tambaye su ba.

Najeriya ta ba da sojoji kimanin 17,000 da 'yan dako fiye da 30,000 a wancan yaƙi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Saboda haka, mai karatu a Bici ko Ɓagwai ko Tsanyawa, in a gidanku akwai labarin kakan da ya tafi yaƙin Jamus na farko, ka zauna da dattawan da suka ji daga bakin waɗanda suka gan shi. Ka rubuta sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensu, da ko ya dawo ko bai dawo ba, ka kai wa masana tarihi a Jami'ar Bayero.